Ɗinkin Bahaguwa

Saura kwana uku a buɗe nunin, Auta ta tsaya a ɗaki na biyar na gidan tarihi tana roƙon mutumin da take so ya yi ƙarya.

Ita ba ta kira abin ƙarya ba. Cewa ta yi sa hannu ne kawai a ƙasan takarda guda, ko minti ɗaya ba za a yi ba an gama. Dogo bai ɗago ba. Yana durƙushe gaban akwatin gilashi da farar safa a hannunsa, yana gyara zaman wani ɗan kwano da aka harhaɗa da gutsattsarin ɓawon ƙwai, irin abin da ko atishawa ba a yi kusa da shi.

Kwanon aikin mahaifiyarta ne. Shekara arba'in Umma ta yi tana ƙera abubuwa da abin da sauran mata ke sharewa daga kicin: ɓawon albasa, ɓawon ƙwai, ɓawon kifi, da busasshen ganyen da ya zagwanye sai jijiyoyinsa. Dangin mijinta ne suka fara kiranta Mai Ɓawo don su yi mata dariya, daga baya jaridu suka ɗauki sunan suka ƙara masa Hajiya. Yanzu gidan tarihi ya tattaro aikinta tun daga na farko, ya cika ɗakuna biyar da shi, ranar Asabar za a buɗe.

A tsakiyar ɗaki na biyar aka rataye abin da kowa ke magana a kai. Doguwar riga ce ta mace, ta ɓawon albasa zalla, an ɗinke shi ɗaya bayan ɗaya da zaren siliki. Sai da aka kashe na'urar sanyaya ɗakin, don iskarta kaɗai tana iya yaga ta.

Umma ba ta ɗinka ko ɓawo ɗaya a jikin rigar nan ba.

Shekara shida ke nan da hannuwanta suka fara rawa. Da farko allura ce ta riƙa suɓuce mata, daga baya cokali. Auta ta ajiye aikin koyarwa ta zauna a kujerar Umma, Umma ta koma bayanta tana cewa nan, can, warware, sake. Duk abin da ke ɗaki na biyar haka aka yi shi. Ba wanda ya sani sai Yaya Babba, yayar Auta, da Kawu, ƙanin Umma.

Sai kuma Dogo, mai gyaran kayan gidan tarihin. Shi ba wanda ya faɗa masa. Lokacin da yake goge kayan a ƙarƙashin gilashin ƙara girma ya ga ɗinkin ɗakuna huɗun farko duk ya karkata gefe ɗaya, na ɗaki na biyar ya karkata ɗaya gefen. Auta bahaguwa ce, kuma a lokacin magana ta riga ta yi nisa tsakaninsu, ya san da wane hannu take ɗaukar kofin shayi.

Sau biyu yayansa yana zuwa wurin Kawu neman aurenta. Na farko aka ce a bari a gama nuni. Na biyu ko zama bai gama yi ba Kawu ya duba agogo.

Dokar gidan kuwa ita ce kafin a buɗe kowane nuni sai mai gyara ya sa hannu cewa ya duba kayan, kuma abin da aka rubuta a jikin bango gaskiya ne. A bangon ɗaki na biyar an rubuta: aikin hannun Hajiya Mai Ɓawo.

"Dogo, ka dube ni mana."

Ya cire safar a hankali, ya miƙe. Ya ce mata bai faɗa wa kowa ba, kuma ba zai faɗa ba ko za a sa masa wuƙa a wuya. Amma sa hannu daban ne. Shekara goma sha biyu yana aikin nan, ba shi da gida mai bene, ba shi da dangi masu suna, abin da yake da shi kawai shi ne in ya ce ya duba, to ya duba.

"Ni ce na ɗinka," ta ce. "Ni ce kuma na ce na yafe. To ina ruwanka?"

"Naki kika yafe, Auta. Takardar kuwa sunana za ta ɗauka."

Ta ce masa jiya da safe Umma ta ce in ya sa hannu za ta sake duba maganarsu. Ya tambaye ta, cewa ta yi za ta ba shi, ko za ta duba? Shi ma ya san amsar.

Kuka ya ƙwace mata. Ta ce shekararta talatin da ɗaya, ba ta taɓa ganin wanda ta ji tana son ta tsufa a gabansa ba sai shi, ga shi yanzu zai bar ta saboda layi ɗaya a jikin bango wanda ba mai karantawa. Tana cikin shessheƙa ya kama gefen mayafinta ya ja ta baya taku biyu, nesa da rigar.

Abin ya yi mata zafi. "Ko yanzu ma rigar ka fi ji."

"Wata goma sha huɗu kika yi kina ɗinka ta," ya ce. "In ta yage, ke za ki fi kowa kuka."

Ta juya za ta fita, sai ta ga Darakta, shugaban gidan, tsaye a bakin ƙofa da hannuwa a baya. Ya yi mata murmushi, ya matsa ya ba ta hanya.

*

Da ta isa gida da rana ta tarar da motar Kawu a ƙofa.

Suna ɗakin aiki, ɗakin da ba a buɗe tagoginsa saboda iska. Faranti-faranti na ɓawon albasa jere a kan dogon tebur, ja daban, ruwan zuma daban. Umma na kan kujerarta, hannuwanta a ƙarƙashin mayafi kamar kullum. Yaya Babba na tsaye jikin ƙofa, don ita ta daɗe da rantsewa ba za ta zauna a ɗakin nan ba, wai tun tana makarantar firamare ake tsokanarta da warin albasa.

Kawu bai yi kwana-kwana ba. Ya ce Darakta ya zo wurinsa da kansa, kuma ya zo da magana mai kyau, auren Auta yake nema. Mutum ne mai mutunci, matarsa ta rasu shekara huɗu, bai sake aure ba. Ya san halin da ake ciki, ya ce kada kowa ya damu, zai kawo wani masani daga wani wuri ya sa hannu. Gidansa kuma nan bayan layi yake, Auta za ta riƙa zuwa kowace safiya ta ci gaba da aikinta, ba abin da zai canja.

"Kawu," in ji Yaya Babba, "miji ake nema mata ko mai gadi?"

Kawu ya ce mata ta kama bakinta, ita da aka aurar da ita lafiya ba ta san wahalar da ake sha ba. Yaya Babba ta ce ai shi ya sa ta tambaya, don ta ƙaru. Ya tashi a fusace, ya ce ya ba su zuwa Asabar, ya fita. Yaya Babba ta bi shi tana ba shi haƙuri da irin muryar da ke ƙara wa mutum haushi.

Auta ta durƙusa a gaban Umma, ta ɗora kai a gwiwarta. Tana jin hannuwan suna karkarwa a ƙarƙashin mayafin, dab da kumatunta.

"Umma, ban taɓa roƙonki komai ba."



Auta ta ce ranar da aka ce ta bar makaranta ba ta yi gardama ba, ko sallama ba ta yi da ɗalibanta ba. Tabarau ɗin nan da ke idonta a kan teburin nan ta same shi. Ƙawayenta sun gaji da gayyatarta sun daina. Duk ba ta ƙirga shi a bakin komai ba, don tana son aikin, kuma tana son ta ji muryar Umma a bayanta tana cewa warware. Ba ta neman a rubuta sunanta a ko'ina. Mutum ɗaya take nema.

"Ban ce zan bar ki ba, Umma. Wallahi ban ce ba. Ko a ina nake zan zo in ɗinka."

Umma ta fara magana a hankali, tana kallon bango.

"Shekara talatin da huɗu na yi da hannuna. Ina goye da yayarki nake tsintar ɓawo a bayan masu albasa, 'yan'uwan babanku suna leƙowa ta taga suna cewa matar ɗan'uwansu ta taɓu. In aka ce ɗaki ɗaya ba nawa ba ne, kafin la'asar za a ce duk biyar ɗin ba nawa ba ne. Mutanen nan har yau suna raye, Auta. Na aika musu da katin gayyata."

"Ai ya rantse ba zai faɗa ba."

"Ƙin sa hannun ba faɗa ba ne?" Umma ta girgiza kai. "Yaron nan in ya zo gaishe ni ba fuskata yake kallo ba. Hannuna yake kallo. Tun ranar farko. Ki ce in zauna da surukin da kullum yake auna ni da ido?"

Auta ta ce ba haka yake ba, Umma ba ta san shi ba ne. Ta yi ta magana har muryarta ta dishe, hawaye suka jiƙa zanen Umma. Ta ce in aka raba ta da shi za ta ci gaba da zama, za ta ci gaba da ɗinki, amma Umma ta sani gangar jiki ce kawai a kan kujerar.

Nan ma idon Umma ya ciko. Ta so ta fito da hannu ta shafa kanta, ta fasa.

"Ba zan yi miki dole a kan Darakta ba, kin wuce nan. In kin ga dama ki zauna haka. Amma wancan, in dai ina numfashi, a'a."

*

Washegari Darakta ya aiko a kira ta ofis.

Mutum ne mai sanyin murya, ya doshi hamsin, kullum rigarsa kamar yanzu aka ɗauko ta daga guga. Ya ba ta kujera, ya zuba mata ruwa da kansa, sannan ya turo mata wata takarda a kan tebur. Tun kafin ta karanta ta gane rubutun. Dogo ya ajiye aiki. Layi uku ne kacal, bai faɗi dalili ba.

Darakta ya ce shi shekara biyu ke nan da ya gane, tun ranar da ya je gidansu ya ga Hajiya ba ta taɓa kofin shayinta ba har ya huce. Bai ga abin tayar da hankali ba. Tunanin na Hajiya ne, hannun na jininta ne, wa aka cuta? Shi mutum ne mai son zaman lafiya, kuma ya daɗe yana ganin Auta tana shiga tana fita ba hayaniya, ya ji irin matar da gidansa ke buƙata ke nan.

"Ba na neman ki so ni yau," ya ce. "Ina da haƙuri."

Ta roƙe shi kada ya karɓi takardar. Ta manta da wa take magana, ta ce masa Dogo ba shi da wani abu sai aikin nan, in ya bar shi ina zai je. Darakta ya saurare ta har ta gama, fuskarsa cike da tausayi, sannan ya ce ai ya riga ya karɓa, gobe Juma'a Dogo zai zo ya kwashe kayan aikinsa.

Ta fito tana haɗa hanya. A ƙarƙashin bene ta tsaya ta kira wayar Dogo sau bakwai. A na takwas ya ɗauka. Ya ce ta yafe masa, in ya zauna dole a tambaye shi me ya hana shi sa hannu, shi kuwa ba zai yi ƙarya ba, ba zai kuma tona asirin Umma ba. Tafiyar ce kaɗai ta rage masa. Ta tambaye shi ita fa. Ya ce ba zai taɓa cewa ta zaɓa tsakaninsa da mahaifiyarta ba.

Ta zauna a kan matakala ta rufe fuska da mayafi. Ma'aikata suna wucewa da tsani da gwangwanin fenti, kowa yana ratse ta.

*

Ranar Juma'a da hantsi aka gayyaci 'yan jarida su zaga kafin buɗewa. Shugabar hukumar gidan ce ta jagorance su, wata ƙatuwar mace mai fara'a wadda dariyarta ke riga ta shiga ɗaki. Umma na gefenta cikin farin mayafi, Auta na biye da ita taku ɗaya, idanunta a kumbure. Darakta na bayani.

Ɗakuna huɗun farko lafiya lau. A ɗaki na biyu Umma har ta yi dariya, ta ba da labarin yadda kaza ta taɓa cinye mata aikin wata uku.

A ɗaki na biyar wani mai kyamara ya nuna ƙasan rigar. Ɓawo ɗaya ya saki, yana lilo a jikin zare.

Shugaba ta tafa hannu don murna. Ta ce Allah ne ya kawo, ga hoton da za a sa a shafin farko, Hajiya da allurarta tana gyara aikinta. Kafin kowa ya yi magana ta aika an ɗauko allura da zare, ta miƙo su da hannu biyu. Masu kyamara suka durƙusa, suka saita.

Umma ta tsaya. Mayafin da ke rufe da hannuwanta ya fara motsi, ana gani.

Auta ta dubi Darakta. Shi kaɗai zai iya cewa a bari. Ya dubi Shugaba, ya buɗe baki, sai ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa.

"Bismillah, Hajiya," in ji Shugaba.

In Auta ta karɓi allurar ta tona asirin, in ta bari Umma ta karɓa ta tona. Ta ga gumi ya tsatsafo a goshin Umma, ta ga laɓɓanta suna motsi ba sauti.

"A yi haƙuri, ranki ya daɗe. Ba za ta taɓa ba."

Dogo ne, daga bakin ƙofa, da akwatin kayan aikinsa a hannu. Ya shigo ya ajiye akwatin. Ya ce da zarar kaya sun shigo hannun gidan tarihi ba mai taɓa su sai mai gyara, ko da wanda ya yi su ne, kuma har ƙarfe goma sha biyun yau shi ne mai gyara.

Shugaba ta ce wace irin doka ce za ta hana mai abu taɓa abinta.

"Wadda kika sa wa hannu bara, ranki ya daɗe."

Aka fashe da dariya, ita ta fi kowa. Ya sa safarsa, ya durƙusa, ya kama ɓawon da matsefata ya mayar da shi wurinsa. Masu kyamara suka ɗauke shi a maimakon Umma. Taron ya wuce gaba.

Sai a lokacin Umma ta tafi za ta faɗi. Auta ta tare ta, Dogo ya buɗe musu wata 'yar ƙofa ta gefe zuwa ɗakin gyara.

Ɗakin ya zama wayam, ya kwashe komai nasa. Ya jawo wa Umma kujera. Ya ɗauko wani kofi mai nauyi, ya zuba ruwa rabi kawai, ya ajiye a tebur kusa da ita, sannan ya juya baya yana buɗe durowar da ba komai a ciki.

Umma ta fito da hannuwanta biyu, ta ɗauki kofin. Ya yi ta rawa, amma ruwan bai zube ba. Ta sha, ta ajiye.

"Wa ya koya maka zuba rabi?"

Ya juyo. Ya ce mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, mai gyaran agogo ne, kuma shekara goma sha ɗaya ya yi da irin wannan lalurar. Shi ne yake sa masa maɓallin riga, shi ne yake masa aski. Ya ce ranar farko da ya ga Hajiya, yadda ta naɗe hannu a mayafi ya tuna masa da tsohon, ya kasa ɗauke ido. In ya yi rashin ladabi a yafe masa.

Umma ta daɗe tana kallonsa.

"Gobe ma wata za ta miƙo min allura," Umma ta ce, kamar da kanta take magana. "Jibi ma haka. Kai kuwa ƙarfe goma sha biyu ta kusa." Ta juya ga Auta. "Kira min Darakta. Ki ce ya zo da takarda da biro."

Da ya zo ya fara ba da haƙuri, wai saƙo ne ya shigo masa. Umma ba ta ko dube shi ba. Ta ce a ba Auta biron.

"Rubuta. Duk abin da ke ɗakin nan, tunanin na Hajiya Mai Ɓawo ne, ɗinkin na 'yarta ne. Ki sa sunanki cikakke, na yanka, ba Auta ba."

Darakta ya ce Hajiya ta yi tunani. An riga an buga littafin nuni, an raba wa jaridu bayani. In wannan ya hau bango hukuma za ta iya rufe ɗakin, za a yi surutu, shi kansa sai an tambaye shi abin da ya sani. Umma ta ce to a tambaye shi. Ya ce ashe maganarsa da Kawu ma sai an sake dubawa. Umma ta ce wannan tsakaninsa da Kawu ne. Ya karɓi takardar da yatsa biyu ya fita.

Auta ta zube a gaban mahaifiyarta. Ta kama hannuwan nan masu rawa ta manna su a fuskarta, tana kuka tana godiya, maganar ma ba ta fita daidai. A ranta an gama, ƙofa ta buɗe. Dogo ma ya durƙusa, ya ce yanzu zai sa hannu da farin ciki, kuma in Hajiya ta yarda yayansa zai sake zuwa wurin Kawu.

"Kada ya wahalar da kansa," in ji Umma.

Auta ta ɗago.

"Suna ka tsaya a kai, ga shi na ba ta. Na gode da abin da ka yi min a gaban mutane, Allah ya saka. Amma da ka sa hannu tun farko da yanzu ɗakina biyar." "Yau an karɓe min ɗaki ɗaya. Ba za a karɓe min ɗaki da 'ya a rana ɗaya ba."

"Umma, ni ban nemi suna ba. Ki karɓe abinki, ki ba ni shi. Don Allah, Umma."

Umma ta mayar da hannuwanta cikin mayafi ta ce a kai ta gida.

Dogo ya miƙe. Ya ce ya ji, ya kuma gode. Ya ce da ma motar ƙarfe biyu zai bi zuwa garin da yayarsa take aure, an yi masa maganar aiki a wani ɗakin karatu, gyaran tsofaffin littattafai. Bai dubi Auta ba, ta san in ya dube ta ba zai iya fita ba. Ya ɗauki akwatinsa ya tafi.

Yaya Babba na jira a mota a bakin titi. Da ta ga fuskokinsu ta haɗiye tsokanar da ta shirya.

Auta ta sauko da Umma matakala ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe ƙofar baya, ta zaunar da ita, ta ɗaga mata ƙafafu ta shigar, ta ɗaura mata bel, ta gyara mata mayafin. Sannan ta zagaya wajen tagar Yaya Babba. Ta ce farar ƙwayar bayan an ci abinci ne, ƙaramar kuma da la'asar. Zanen gobe yana kan gado an goge. Ɗan kunne sai an sa mata, ba ta son a tambaye ta, a sa kawai.

Yaya Babba ta dube ta sosai. Ba ta tambayi komai ba, ta ce ta ji.

"Shigo mana," in ji Umma daga baya. "Rana na dukana."

Auta ta dawo ta tsaya riƙe da ƙofar. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Zan dawo, Umma. Gobe ni zan riƙe ki a wurin buɗewa. Amma in na shiga motar nan yanzu, na san ba zan ƙara fitowa ba."

"Auta."

Ta rufe ƙofar a hankali.

Ta cikin gilashi ta ga Umma tana laluben maɓallin taga, yatsanta yana zamewa, yana sake zamewa. Saura kaɗan Auta ta buɗe ƙofar. Yaya Babba ta tayar da mota ta ja.

Auta ta juya. Can ƙarshen layi, wajen mahaɗa, ta hango Dogo ya fi kowa tsawo, yana ɗaga wa tasi hannu. Ta tattare zanenta ta fara gudu, takalmi ɗaya ya fita ta bar shi. Masu shaguna suka bi ta da kallo. Tasin ta tsaya, direba ya karɓi akwatin ya jefa a but.

Ta ƙwala masa kira da iyakar muryarta, a tsakiyar titi, cikin ƙarar motoci.

Ya riga ya sa ƙafa ɗaya a cikin motar lokacin da ya waiwayo.